Zanen Tsinke a Kan Daddawa

Abin da na gani a gidan da ke jikin namu a Ƙanƙara ya daɗe yana cina a rai. Ban iya faɗa a cikin mutane ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Katangar da ta raba gidanmu da na Alhaji Almu ta zube rabi tun wata damina, babu wanda ya gyara. Ta nan nake tsallakawa in ɗebo ruwa a rijiyarsu. Ta nan kuma warin daddawa yake shigo mana safe da yamma.

Inna Ɗayyaba ce mai yin daddawar. Matar ƙanin Alhaji ce, wanda ya rasu. Da aka tashi ƙauyensu a ƙasar Faskari, ta zo da ɗiyarta Shafa'atu da wata babbar tukunyar ƙarfe, Alhaji ya ba su ɗakin bayan madafa, inda a da ake jibge buhunan dawa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake daddawa ba ba zai san wahalarta ba. A dafa kalwa yini guda, wuta ba ta mutuwa. A zuba a turmi a surfa da toka har ɓawon ya saki. A wanke, a sake wankewa, a sake dafawa, a juye a kwando a rufe da ganye da buhu har ta nuna. Sannan a kirɓa, a mulmula, a danna da tafin hannu, a jera a tabarma. Kafin ta shanya, Inna Ɗayyaba takan ɗauki tsinken tsintsiya ta ja wa kowace layi uku: dogo, gajere, dogo.

Na taɓa tambayarta amfanin wannan zane.

Ta ce, "Na uwata ne, Hamida. A kasuwar Mairuwa ko da ta bar faifanta ta tafi salla, mai saye ya san na Tabawa ne. Babu mai tambaya."

Alhaji Almu hatsi yake sayarwa, kuma mutum ne mai yawan zuwa Funtuwa da Katsina. A can ya ga manyan kantuna suna karɓar daddawa idan an ƙulle ta a leda mai kyau an manna mata sitika. Ranar da ya kawo maganar ina bakin rijiya.

Ya ce, "Ɗayyaba, wahalar tallan faifai ta ƙare. Kanti za ki shiga. Sunanki za a buga a jiki, Daddawar Ɗayyaba. Har mutanen Katsina sai sun san ki."

Ta durƙusa ta yi godiya. Na ga tana goge ido da gefen mayafi. Da ya fita ta juyo tana dariya, ta ce, "Kin ji, Hamida? Ni da ko allon boko ban taɓa riƙewa ba."

Sharaɗin kantunan shi ne kowace leda ta zo da bakod, wato waɗannan siraran layuka baƙaƙe da ake gani a jikin kwalin madara, waɗanda na'ura ke haskawa ta faɗi ko mene ne. Adnan, ɗan Alhaji na fari, shi ya yi karatun kwamfuta. Ya aro na'urar haskawa daga wani abokinsa, ya zauna a ƙarƙashin bishiyar bedi da kwamfutarsa a cinya, duk gida aka kewaye shi. Ya buga sitika ɗaya ta gwaji, ya ɗora mata jan haske. Na'urar ta yi ƙara. Ya leƙa allon, ya ɓata fuska. Ya sake bugawa, ya sake haskawa.

Alhaji ya ce, "Mi ya faru?"

Adnan ya juyo da allon. Na iya karatu daidai gwargwado, na gama firamare. Inda harafin farko na sunanta ya kamata ya fito, alamar tambaya ce a zaune, sauran sunan yana biye da ita.

Adnan ya ce, "Baba, waɗannan layukan haruffan Turawa aka yi su su ɗauka. Akwai dabarar da ake cusa wasu haruffan Faransanci masu ɗigo ko tsini a ka. Namu masu ƙugiya ba sa cikin jerin. Na gwada ta nan na gwada ta can, na'urar ba ta gane shi."

Alhaji ya leƙa allon. Sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"To, Ɗayyaba, kin gani da idonki. Ni na so. Na'ura ce ta ƙi ki."

Adnan ya ce, "Amma Baba, akwai wata hanyar da..."

"Kai, rufe abin nan. Ka mayar wa mai ita kafin ka lalata."

Adnan ya rufe. Inna Ɗayyaba ta tsaya da hannuwanta duk toka tana kallon sitikar, kamar wadda aka kama da laifi. Ta ce a hankali, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Ta koma wajen wutarta.

Ba a daɗe ba sitikoki suka iso cikin kwali. Aka kawo wani ɗan inji mai narka bakin leda, aka ajiye a zaure. Wata rana da hantsi ta kira ni bayan madafa, ta zaro leda ɗaya daga cikin zaninta.

"Karanta mani abin da aka rubuta a sama."

Na duba. Na so in ce rubutun bai fito sosai ba. Amma tana kallon bakina.

Na ce, "An rubuta Daddawar Alhaji Almu, Ƙanƙara."

"Shi ke nan?"

"Sai lambar wayarsa."

Ta juya ledar. Ta cikinta ana hango zanenta sarai, dogo, gajere, dogo. Ta daɗe tana shafa wajen da yatsa.

Da Alhaji ya shigo cin abincin rana ta same shi, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Alhaji, na ji layukan sun ƙi sunana. To rubutun sama fa? Shi ai mutane ke karantawa, ba na'ura ba."

Bai ɗago daga kwanon ba. Ya ce, "Doka ce. Abin da ke sama da abin da ke cikin layi dole su zo ɗaya. Kina so a kama ni?"

"A'a, Alhaji."

"To. Kuma mi ye abin damuwa? Sunana ai sunan gidan nan ne. Ke ba 'yar gidan nan ba ce?"

Daga nan aiki ya fara ninkuwa. Da buhu ɗaya na kalwa take yi ta huta. Yanzu kafin ta sauke wannan an dire wani. Alhaji ya sayo tukunya ta biyu, ya ce taimako ne. Murhu ya zama biyu, hannu yana nan ɗaya. Itacen da ake kawowa ɗanye ne, don shi ya fi araha, hayaƙinsa yana cika bayan madafa ya shige ɗakin da suke kwana. Ta fara tari. Toka ta ci tafin hannunta har ya tsattsage, in ta tsoma a ruwa sai ta cije leɓe.

Abin da take samu shi ne tuwon gida, da sabulu in an tuna, da turmin atamfa ɗaya da salla. In ta buɗe baki, amsa tana jiranta.

Ta ce hannunta. Alhaji ya ce man kaɗanya yana nan a ɗakin Hajiya.

Ta ce tarin yana hana ta numfashi. Ya ce sanyi ne, ta sha citta.

Ta ce a ɗauko mata mai taya ta surfe. Ya ce, "Ga Shafa'atu nan tana yawon makaranta. Sana'ar uwarta ta fi mata." Yarinyar da take aji huɗu aka ajiye jakarta. Na riƙa ganinta a bakin rijiya tana wanke kalwa, ruwa ya jiƙe ta har gwiwa, idonta a kan ƙofa lokacin da 'yan ajinsu ke wucewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan da aka laƙaba mata. Hajiya Suwaibatu, matar Alhaji, ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya riƙe wasa. Ita ta fara cewa, "Ina Alamar Tambaya? A ce mata wutarta na mutuwa." Aka yi dariya. Daga ranar sunan ya bi ta. Har baƙi in sun zo sai an ba su labarin matar da na'ura ta ƙi. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, don ɗakin da take kwana ba nata ba ne.

Wata rana na iske ta zaune a kan turmi, tari ya sarƙe ta. Na ba ta ruwa. Da ta samu numfashi ta ce, "Hamida, ke da kika yi boko. Sunan nawa ne ke da aibu?"

Na ce, "Babu aibu, Inna."

"To mi ya sa abin Turawa ya tofar da shi?"

Na ce Allah ya sani. Na ɗauki bokitina na tsallaka gida, na zauna na yi kuka.

Shi Adnan tun ranar gwajin nan ya daina bi ta bayan madafa. In ya hango ta sai ya canza hanya. In dole ta sa ya gaishe ta, kansa a ƙasa yake cewa, "Sannu da aiki, Inna," ya wuce da sauri.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta yi sallama a gidan, ranar kasuwar Ƙanƙara da azahar. Doguwa ce, mai murya, da jakar hannu da carbi a wuya. Ta ce sunanta Hajiya Bilki, daga Sabuwa, kayan miya take sari tana rarrabawa. Ta ce Alhaji Almu take nema. Aka yi sa'a yana gida, ya fito tsakar gida yana gyara hula. Ina bakin rijiya da guga a hannu.

Ta zaro leda daga jaka. "Wannan taka ce?"

"Tawa ce, Hajiya. Ga sunana nan."

"Na ga sunan, jikana ya karanta mani. A wani kanti na same ta a Funtuwa. Ba sunan ya kawo ni ba." Ta ɗora yatsa a kan zanen. "Wa ya yi wannan?"

"Ma'aikatana ne."

"Ma'aikatanka." Ta dube shi sama da ƙasa. "Alhaji, tun ina amarya nake sayen daddawa mai wannan zane a hannun Tabawa ta Mairuwa. Da ta rasu na ce shi ke nan, miyata ta mutu. Kai ne Tabawa ta dawo da gemu?"

Hajiya Suwaibatu ta ƙyalƙyale daga ƙofar ɗaki, ta yi sauri ta toshe baki.

Hajiya Bilki ba ta jira izini ba. Ta bi warin har bayan madafa. Muka bi ta. Inna Ɗayyaba na tsugune gaban tabarma da tsinke a hannu. Dattijuwar ta tsaya tana kallon yadda take jan layin, sai ta ce, "Ke ɗiyar Tabawa ce."

"Ni ce, Hajiya."

"Ko ba ki faɗa ba. Haka take karkata tsinken." Ta kama hannunta ta juya tafin, ta ga tsagar. Fuskarta ta canza. "To mi ya sa sunan wani ke kan aikinki?"

Inna ta dubi Alhaji, ta dubi ƙasa. Shi ya amsa.

"Hajiya, abin na zamani ne, ba za ki gane ba. Mun gwada sunanta, na'ura ta ƙi karɓa. Gaban kowa aka yi."

"Na'ura ta ƙi."

"Ƙwarai."

"Ita na'urar ce ke tsayawa gaban wutar nan? Ita ke tari? To ni ba na'ura ba ce, na karɓa." Ta juya ga Inna. "Duk ranar kasuwa ina rumfar masu kayan miya, wajen tsamiya. Ki tambayi Bilki ta Sabuwa. Mai wannan zanen nake saye, ba ruwana da leda."

Ta saki hannun, ta yi sallama ta fita.

Washegari Alhaji ya dawo daga wajen maƙera da wani faifan ƙarfe mai ramuka zagayayyu, ya jefa shi gaban Inna.

"Daga yau a nan za a riƙa dannawa. Sumul nake so. Masu kanti sun ce zanen nan ƙazanta ne, ƙura na shiga ciki."

"Su suka faɗa, Alhaji?"

"Ni na faɗa miki sun faɗa."

Ta ɗauki ƙarfen ta jingine a bango.

Kalwar da ke rufe ta nuna ranar Juma'a. Tun da safe take kirɓi, Shafa'atu na mulmulawa. Kafin rana ta take sun cika tabarmi. Na tsallako ɗibar ruwa na ga ƙarfen yana nan inda ta jingine shi, kaza ma ta hau kai. Kowace daddawa da zanenta.

Alhaji ya fito cikin farar babbar riga zai tafi masallaci, turare na tashi. Ya leƙa bayan madafa. Ya tsaya.

"Ɗayyaba, mi na ce miki?"

"Na ji abin da ka ce, Alhaji."

"To goge."

Ba ta motsa ba. Ba ta kuma durƙusa ba. Tun da na san ta ban taɓa ganin ta tsaya a miƙe gabansa ba sai ranar.

"Na ce ki goge!"

"Ba zan goge ba."

Hajiya Suwaibatu ta fito da sauri. "Haba Maman Shafa'atu, a kan ɗan tsinke? Ki yi haƙuri mana, a zauna lafiya."

"Hajiya, na yi haƙurin suna. Na yi na hannu, na yi na ƙirji, na yi na makarantar ɗiyata. Wannan ɗaya ya rage mani."

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya tsuguna da kansa. Daddawar da sauran laushi. Ya sa babban yatsa ya shafe zanen ta farko, ya shafe ta biyu, ya bi layin yana shafewa yana huci. Inna Ɗayyaba ta tsuguna a bayansa da tsinkenta. Duk wadda ya shafe, sai ta sake ja mata: dogo, gajere, dogo. Bai lura ba sai da ya kai ƙarshen tabarma ya waiwayo. Layin da ya goge duk ya dawo, har ya fi na da zurfi.

Gefen rigarsa ya shafi daddawa. Hannunsa ya yi baƙi. Adnan yana tsaye a bakin zaure, bai shigo ba, bai kuma fita ba.

Alhaji ya miƙe. "Na ɗauke ki daga daji. Na ba ki ɗaki, na ba ki tuwo. Wa ya san ki kafin ni?"

"Bilki ta Sabuwa ta san ni."

"To ki zaɓa. Ko ɗakin, ko tsinken nan."

Shafa'atu ta kama zanin uwarta. Inna ta dubi ɗakin, baƙin hayaƙi ya rine ƙofarsa. Ta dubi abin da ke hannunta. Tari ya taso mata, ta jira ya wuce.

Ta ce, "Tsinken ya fi sauƙin ɗauka, Alhaji."

Ta soke shi a ɗankwalinta. Ta shiga ɗaki ta ƙullo kayansu a zani ɗaya, ta ɗauko jakar makarantar Shafa'atu ta rataya wa yarinyar. Sannan ta nufi murhu ta kama kunnen tsohuwar tukunya.

"Ajiye wannan," in ji Alhaji.

"Sabuwar ce taka. Wannan ta uwata ce. Da ita na shigo."

Tukunyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, balle mai ciwon hannu. Ta ja, ta motsa kaɗan. Ta sake ja. Babu wanda ya taya ta. Ban san lokacin da na saki guga ya faɗa rijiya ba. Na je na kama ɗaya kunnen. Ban iya kallon kowa ba.

Alhaji ya ce, "Ke matar Mani, mi ya shafe ki?"

Na ƙara riƙe kunnen tukunyar. Muka ɗaga, muka bi ta inda katanga ta zube, muka dire ta a tsakar gidanmu.

Surukata, Iya, tana zaune tana tsinkar zogale, ta ji komai ta kan katanga. Ta dube mu, ta dubi tukunyar. Ta ce, "Hamida, kin jawo mana." Sai ta ce, "To ku matsar da ita daga hanya. Rumfar awaki babu kowa, a share."

Da mijina Mani ya dawo daga masallaci ya ji labari, ya ce, "Yanzu ina za mu samu ruwa?" Na ce zan je famfon bakin titi. Ya daɗe yana kallona, don bai saba jin na mayar da magana ba. Ya ɗauki adda ya tafi neman zana.

Katangar da ta yi shekara da shekaru a zube, a makon nan Alhaji ya kira magina. Suka tayar da ita har ta fi ta da tsawo.

Ba zan ce daɗi ya zo ba. Rumfar zana ce, in an yi ruwa sai sun takure a lungu ɗaya. Tarin bai bar ta ba, an ce sai ta je asibiti a duba ƙirjin. Kalwar da take iya saye 'yar kaɗan ce, Hajiya Bilki ta fara ba ta mudu-mudu. Ni kuma kullum ina layin famfo da jarka. Amma murhu ɗaya ne, kuma in ta gaji tana zama. Shafa'atu ta koma aji.

Bayan an kwana biyu, wata rana da la'asar, Adnan ya yi sallama a ƙofarmu. Ya shigo yana murza hula a hannu. Inna na jera daddawa a faifai. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, Baba ne ya aiko ni. Ya ce a manta da abin da ya wuce. Ya ce ɗakinki na nan, za a buɗe masa taga. Masu kanti suna ta kira." Ya zaro wata sitika daga aljihu. "Ya ce in nuna miki wannan."

Ta miƙo mini. Na karanta da ƙarfi. Daddawar Ɗayyaba, da harafinta mai ƙugiya, a rubuce da manyan baƙaƙe. Layukan suna ƙasa.

Ta ce, "Na'urar ta tuba ke nan?"

Adnan ya ce, "Ba sai an cusa suna a cikin layukan ba, Inna. Lamba kawai ake sawa. Na'ura ta karanta lambar, kwamfutar kanti ta nemo kayan da ke da wannan lamba. Rubutun sama kuwa duk abin da aka ga dama ana bugawa. Haka ma yawancin kaya suke."

"Dokar da aka ce sama da ƙasa su zo ɗaya fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Adnan, ɗago ka dube ni. Ni na yi maka wanka kana jariri da uwarka ba ta da lafiya. Tun yaushe ka san ana iya haka?"

Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa.

"Tun ranar farko, Inna. A ƙarƙashin bedi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi sitikar daga hannuna, ta daɗe tana kallon sunan da ba ta iya karantawa. Ta ce in nuna mata harafin da aka ce na'ura ta ƙi. Na nuna. Ta shafa shi da yatsanta mai tsaga.

"Ashe ɗan ƙarami ne," in ji ta.

Ta miƙa wa Shafa'atu. "Ajiye a littafinki. Ki koyi rubuta shi." Sannan ta juya ga Adnan. "Ka gaida Alhaji. Ka ce na gode da taga. In masu kanti na son daddawata, ranar kasuwa ina wajen tsamiya, kusa da Bilki. In ranar sitika ta zo, ni zan aika a kira ka, ni kuma zan faɗi abin da za a rubuta."

Ya tashi ya fita, bai sa hular ba har ya kai ƙofa.

Na sha jin mutanen unguwa suna cewa Alhaji Almu mutumin kirki ne, ya riƙe matar ƙaninsa da marainiya. Har yanzu wasu na cewa ita ce ta yi butulci. Ni dai ga abin da na gani. Gaskiya ne layukan nan ba su san haruffanmu masu ƙugiya ba. Amma na'ura ba ta sayo tukunya ta biyu ba. Ba ita ta zaɓi ɗanyen itace ba, ba ita ta cire yarinya daga aji ba, ba ita ta tsuguna da farar riga tana shafe zanen wata da yatsa ba. Ƙara ɗaya ta yi, mutum ya ɓuya a bayanta ya cinye sunan mace da guminta. Mu kuma da muke tsaye a ƙarƙashin bedi muka taya shi dariya, ko muka yi shiru. Gidaje nawa ne a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ake ajiye mace a bayan madafa, a ce rufin asiri ne, alhali ita ke rufa wa gidan asiri?

Da Adnan ya tafi, Inna Ɗayyaba ta zare tsinken daga ɗankwalinta. Ta dube shi ta ga ya dushe, ta yar. Ta jawo tsintsiyar Iya ta karyo sabo, ta miƙa wa Shafa'atu.

"Zo nan. Karkata shi kaɗan. Dogo."

Yarinyar ta ja.

"Gajere. Danna sosai, kar ki ji tsoro. Yadda ko an shafe sai ya nuna."